Lamba mai alƙaluma miliyan 41: ta yaya aka san ba ta rabuwa, kuma wane hali gare ta?

Tambaya: Malam, na ji an ce an gano lambar da ta fi kowace girma cikin lambobin da ba sa rabuwa, wai alƙalumanta sun haura miliyan 41. Ta yaya mutum zai tabbatar babu abin da ke raba lambar da ko karanta ta ba zai iya ba? Ban da girma, me aka sani game da ita? Kuma tana da wani amfani kuwa?

Amsa: Ƙanena, bari mu fara gyara abu ɗaya a cikin tambayar. Wannan lamba ba ita ce mafi girma ba, ita ce mafi girma da aka sani. Lambobin da ba sa rabuwa, waɗanda a aji ake kira firayim, ni kuma na fi son in ce musu gagara-raba, ba su da ta ƙarshe. Gagara-raba ita ce lambar da ta wuce 1, wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya kawo hujjar rashin ƙarewarsu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ya ce kawo duk gagara-rabar da ke hannunka, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara 1. Abin da ya fito, kowace daga cikinsu ka raba shi da ita sai 1 ya saura, don haka dole akwai wata gagara-raba da ba ta cikin jerinka. Ɗalibai kan ɗauka abin da ya fito ɗin shi kansa gagara-raba ne, amma ba kullum ba. Ninka 2, 3, 5, 7, 11, 13, ka ƙara 1, za ka sami 30,031, wanda 59 sau 509 ne. Sai dai ka ga 59 da 509 ba sa cikin jerin da muka fara da shi, kuma iyakar abin da hujjar ke buƙata ke nan.

Lambar da kake magana a kai ana samun ta ne idan aka jera 2 har guda 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1. A taƙaice ana rubuta ta 2^136,279,841 − 1. Adadin biyun da aka jera, wanda ake rubutawa bayan alamar ^, shi zan riƙa kira lambar sama. Wani mutum mai suna Luke Durant, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda a da ma'aikacin kamfanin NVIDIA ne, shi ya gano ta a watan Oktoba na 2024, a ƙarƙashin GIMPS, shirin sa-kai na farautar irin waɗannan lambobi da George Woltman ya kafa a 1996. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, 2^82,589,933 − 1, an gano ta a Disambar 2018, alƙalumanta 24,862,048. Sabuwar tana da 41,024,320.

Idan za ka karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 475 kafin ka kai ƙarshe. In kuwa bugawa za a yi, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, littafin zai haura shafi 13,600. Amma a gaskiya girman nan shi ne abin da ya fi komai rashin daɗin bayani game da ita. Abin sha'awar shi ne, da fensir da bayan ambulan za ka iya sanin halayenta da yawa ba tare da ka taɓa ganin ta ba, domin siffarta a fili take: biyu-biyu ne aka ninka, aka cire ɗaya.

Ɗauki yawan alƙaluman da kansa. Ba ƙirga su aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Duk lokacin da ka ninka lamba da 2, tsawonta kan ƙaru da kusan kashi uku cikin goma na alƙalami, ko in ce 0.301029995664, wato logaridim ɗin 2. Ninka wannan da 136,279,841, za ka sami 41,024,319.945 da 'yan kai. Ɓangaren da ke gaban ɗigo, in ka ƙara masa 1, shi ne yawan alƙaluma. Ɓangaren da ke bayan ɗigo kuma, wanda mutane kan yar, shi ke faɗa maka farkon lambar: 10 a ɗaga shi zuwa 0.9453 yana ba da kusan 8.817. Lambar kuwa da 8816943 ta fara.

Wutsiyarta ta fi sauƙi. Dubi yadda ninkin 2 ke ƙarewa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Alƙalamin ƙarshe zagaye yake yi, 2, 4, 8, 6, ya dawo 2, duk bayan taki huɗu. Raba 136,279,841 da 4, saura 1, ke nan ninkin ya tsaya a kan 2, a ɗebe 1 ya zama 1. Alƙaluma ukun ƙarshe su ma zagaye suke yi, amma duk bayan taki 100. Lambar samanmu da 41 ta ƙare, sai mu duba 2^41, wato 2,199,023,255,552. Wutsiyarsa 552, a cire 1. Lambarmu da 551 ta ƙare, kuma idan ka sauke fayil ɗinta ka gangara ƙasa, abin da za ka tarar ke nan.

Da irin wannan zagaye ake sanin saurar da take bari idan aka raba ta da ƙananan lambobi. Da 3, saura 1. Da 9, saura 4, ma'ana in ka tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin, ka sake tara na jimlar, ka yi ta yi har ya rage guda, 4 za ka samu. Da 7, saura 3. Nakan yi wa ɗalibai wasa da wannan: idan yau Juma'a ce, ka ƙirga kwanaki daidai yawan wannan lamba, wace rana za ka faɗa? Litinin. Duniyar ba za ta kai ba, amma lissafin ya kai.

Akwai wata tambaya da masu sha'awar fannin kan yi da zarar an ambaci gagara-raba: tana da 'yar tagwai? Tagwaye su ne biyun da 2 kaɗai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 29 da 31. Tamu ba ta da. In ka ƙara mata 2, ka sami 2^136,279,841 + 1, kuma duk ninkin 2 mai lambar sama mara, in an ƙara masa 1, 3 na raba shi: 9, 33, 129. Ta ƙasa ce ta fi ban sha'awa, don sai ka ɗan yi tono. In ka rage mata 2, ka sami 2^136,279,841 − 3. Saurar ninkin 2 idan ana rabawa da 29 tana komawa farko duk bayan taki 28. Raba 136,279,841 da 28, saura 5. To 2^5 shi ne 32, kuma 32 a raba da 29 saura 3. A ɗebe 3, sifili. Ke nan 29 na raba maƙwabciyarta ta ƙasa cif. Lamba mai alƙaluma miliyan 41, ga shi mun san mai raba ta da lissafin da bai cika layi uku ba.

Wani hali kuma: ba za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ba, ko uku. Murabba'i ina nufin lamba a ninka ta da kanta, 1, 4, 9, 16, 25. Lamba 13 ita ce 9 da 4, 29 ita ce 25 da 4. Amma duk lambar da ke barin saura 3 in an raba ta da 4, murabba'i biyu ba sa haɗa ta, wadda kuma ke barin saura 7 in an raba ta da 8, ko uku ba sa yi. Tamu saura 7 take bari, tunda 1 ne kawai ya hana ta cika ninkin 2. Sai huɗu, kuma masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba. Ƙannenta, wato ƙananan lambobi masu irin siffarta, ma haka suke: 7 ita ce 4+1+1+1, 31 ita ce 25+4+1+1, 127 ita ce 121+4+1+1.

Yanzu ga asalin danginta. Kwamfuta ba ta ƙirga da goma-goma, da biyu-biyu take yi, alƙalumanta 0 da 1 kaɗai. A wannan rubutu 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Lambarmu kuwa 1 ce aka jera sau 136,279,841, ko sifili ɗaya babu. Kamar 999,999 ce a rubutunmu na yau da kullum, wadda 1 ya rage mata ta cika miliyan. Daga nan za ka ga dalilin da ya sa lambar saman dole ita ma ta zama gagara-raba. Jera 1 guda shida: 111111. Tunda shida na kasuwa biyu-biyu ko uku-uku, jerin ma na kasuwa, 11 sau 10101, ko 111 sau 1001. A lissafin biyu-biyu wannan shi ne 63, wato 3 sau 21, ko 7 sau 9. Tsohon labarin nan na mai dara da ya roƙi sarki ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida 64, jimlarsa 2^64 − 1 ce, wato 18,446,744,073,709,551,615. 'Yar dangin ce, amma da yake 64 na rabuwa, ita ma ta rabu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Kasancewar lambar sama gagara-raba sharaɗi ne, ba lamuni ba. 2, 3, 5, 7 duk sun ba da gagara-raba, sai aka zo 11: 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 sau 89. Kuma yawanci haka abin ke ƙarewa. Cikin miliyoyin lambobin sama da aka gwada, 52 kacal aka samu suka haifi gagara-raba, tamu ce ta 52.

Ana kiran dangin da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya fitar da jeri a 1644, ya ce daga 2 zuwa 257 lambobin saman da ke aiki su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba sa aiki, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ban ga laifinsa ba, da alƙalamin gashin tsuntsu yake aiki. Sai a 1772 masanin lissafi Euler ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647. Ta 67 kuwa sai 1903, lokacin da Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a Niyok ya nuna cewa 193,707,721 sau 761,838,257,287 ce. Ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba, ya yi lissafin ɓangarorin biyu a allo, suka yi daidai, ya koma ya zauna.

To mu zo kan gundarin tambayarka. Hanyar da aka koya mana a firamare ita ce a yi ta gwada rabawa: da 2, da 3, da 5, har a kai lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai wadda ake gwadawa. Ga 2,047 wannan aikin minti biyar ne. Ga tamu, iyakar da za a tsaya tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa, an ƙiyasta yawansu lamba ce mai alƙaluma wajen 80. Ko kowace ƙwaya ta zama kwamfuta, tun farkon halitta take aiki, ba a ko fara ba. Akwai ɗan sauƙi da masanin lissafi Fermat ya gano a 1640: duk abin da zai raba ɗaya daga dangin nan mai lambar sama gagara-raba, dole ya zama ninkin lambar sama sau wata lamba cika, a ƙara 1. Duba 23, ita ce 11 sau 2 da 1, 89 kuma 11 sau 8 da 1. Don haka ga lambarmu ba sai an gwada komai ƙasa da 272,559,683 ba. Wannan na taimakawa wajen tankaɗe, a zubar da waɗanda ke da ƙaramin mai raba su tun kafin a ɓata musu wuta, amma ba ya kai mutum ga tabbaci.

Akwai kuma gwajin da Ibnul Haisam, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya sani tun kafin Turawa su laƙaba masa sunan Wilson: ninka duk lambobin da ke ƙasa da lambarka, ka ƙara 1, in ta raba abin da ya fito to gagara-raba ce. Ga 7, ninkin 1 zuwa 6 shi ne 720, da 1 ya zama 721, wato 7 sau 103. Gwaji ne mai kyau a takarda, amma ya fi rabawar ma wahala.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne dabarar Édouard Lucas, wani Bafaranshe, wadda Derrick Lehmer ɗan Amurka ya gyara a 1930. Ga yadda take, kuma ina so ka ɗauki biro ka bi ni. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ka ɗebe 2. In abin da ya fito ya kai lambar da kake gwadawa, raba shi da ita ka riƙe saura kawai. Maimaita haka sau adadin lambar sama ban da 2. In ka ƙare a kan sifili, gagara-raba ce. In ba sifili ba, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki.

Mu gwada 31, wadda lambar samanta 5 ce, taki uku ke nan. 4 sau 4 ban da 2, 14. 14 sau 14 ban da 2, 194, a raba da 31 saura 8. 8 sau 8 ban da 2, 62, wato 31 sau 2 cif. Sifili. Mu gwada 127, taki biyar: 14, 67, 42, 111, sai na ƙarshe 111 sau 111 ban da 2, 12,319, wanda 127 sau 97 ne. Sifili. Yanzu 2,047, taki tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifili ba, ta faɗi.

Lura da wani abu a gwajin ƙarshen nan. Ya gaya mana 2,047 na rabuwa, amma ko kusa bai ambaci 23 ko 89 ba. Wannan ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, kuma shi ne amsar tambayarka: sanin cewa lamba na rabuwa daban, sanin abin da ke raba ta daban, kuma na farkon ya fi na biyun sauƙi nesa ba kusa ba. Lucas ya san 2^67 − 1 na rabuwa tun 1876, amma sai bayan shekara 27 Cole ya kawo masu raba ta. A wannan shekara ta 1876 ɗin ce Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu. Ta riƙe kambu shekara 75, kuma har yau babu gagara-rabar da ta fi ta girma da aka tabbatar ba tare da na'ura ba. A 1952 Raphael Robinson ya ɗora gwajin a kan kwamfutar SWAC a Los Anjalis, cikin shekara ɗaya ya samo biyar, masu lambar sama 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281.

Ga lambarmu, takin 136,279,839 ne, kowane taki kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta. Aiki ne ja, amma mai iyaka, kuma abubuwa biyu ke rage masa nauyi. Na farko, ba a yin ninkawar irin ta allo, alƙalami bisa alƙalami. Ana yanka lambar gunduwa-gunduwa a bi da ita ta dabarar Fourier, irin wadda ake tace sauti da ita, sai aikin da zai ci tiriliyoyin matakai ya dawo 'yan biliyoyi ko ƙasa. Na biyu, rabawar da ake yi a kowane taki kusan kyauta ce. Gwada da 999: in kana son saurar 1,234,567, ba sai ka raba ba, yanka ta uku-uku ka tara, 1 da 234 da 567, ka sami 802, kuma ita ce saurar. A wurin kwamfuta lambar Mersenne kamar 999 take, yanka da tarawa kawai. Saboda wannan rangwame ne kusan kullum mai riƙe da kambu 'yar gidan Mersenne ce. Ba wai sun fi sauran gagara-raba girma ba ne, su ne dai muka iya yi wa jarrabawa da araha. Mai neman allurarsa da dare, gindin fitila yake fara dubawa.

A aikace, yanzu GIMPS ba da gwajin Lucas da Lehmer take farawa ba. Tana fara ne da gwajin Fermat: a ɗaga 3 zuwa lambar ban da 1, a raba da lambar, in gagara-raba ce dole saura ya zama 1. Matsalarsa ita ce wasu masu rabuwa kan tsallake, misali 91, wadda 7 sau 13 ce. Ba a amfani da 2 a maimakon 3 domin duk 'yan gidan Mersenne masu lambar sama gagara-raba suna cin wannan jarrabawa, har da 2,047. An fi son gwajin Fermat ne domin akwai hanyar kama kuskuren na'ura a tsakiyar aikin. Durant ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto, irin waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin da ke ƙasashe 17. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura samfurin A100 a Dablin ta ce ga alama an samu, washegari 12 ga wata wata samfurin H100 a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Daga nan wasu mutane suka sake gwadawa da manhajoji daban a kan na'urori daban kafin a sanar ranar 21 ga wata. Ita ce ta 18 da shirin ya gano, kuma ta farko da ba a kan kwamfutar tebur ta gida ko ofis aka same ta ba.

Halin da na fi so game da ita na bar shi zuwa yanzu. Akwai lambobin da ake kira kammalallu, waɗanda in ka tara duk masu raba su, ban da su kansu, sai su dawo maka da lambar. 6 ita ce 1+2+3. 28 ita ce 1+2+4+7+14. Sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa duk gagara-rabar da ke da wannan siffa tana haifar da kammalalliya: ninka ta da rabin lambar da ke binta. 3 sau 2, 6. 7 sau 4, 28. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata kammalalliya cika sai ta wannan hanya, Euler ne ya kammala hujjar bayan ƙarni bakwai. Saboda haka ranar da aka gano lambarmu, an gano kammalalliya ta 52 tare da ita, kyauta. Alƙalumanta 82,048,640, da 6 ta ƙare, kuma daidai take da abin da za ka samu in ka tara 1, 2, 3, har zuwa lambarmu, kamar yadda 28 take jimlar 1 zuwa 7. Kammalalliya mara kuwa, babu wanda ya taɓa ganin ta, babu kuma wanda ya iya nuna cewa babu ita. An dai tabbatar in ma akwai, alƙalumanta sun haura 1,500.

Kada kalmar "ta 52" ta ruɗe ka. Ta 52 ce a cikin waɗanda aka sani, ba a jerin girma na tabbas ba, domin lokacin da aka gano ta ba a gama gwada duk lambobin saman da ke ƙasa da ita ba. An sha yin tsallake. An gano mai lambar sama 43,112,609 a Agustan 2008, bayan mako biyu sai ga ta 37,156,667, a 2009 kuma ta 42,643,801, duka ƙannenta. Ko dangin Mersenne na da iyaka ko ba su da, wannan ma har yau hasashe ne, mafi yawan masana na ganin ba su ƙarewa amma hujja ba ta samu ba. Gagara-raba na gama-gari kuwa, waɗanda ke ƙasa da tamu ba a san su ba, yawansu ya wuce misali. A unguwar da take zaune, kusan lamba ɗaya cikin kowace miliyan 94 gagara-raba ce. Tana da maƙwabta ke nan birjik, ba mu da hanyar tantance su ne.

Batun amfani, ba zan yi maka kwana-kwana ba: ita kanta wannan lamba ba ta da wani aiki a yau. Za ka ji ana cewa da irinta ake tsare asusun banki, wannan ba daidai ba ne. Tsarin ɓoye saƙo na RSA da gagara-raba yake aiki, gaskiya, amma masu alƙaluma wajen 300, kuma ƙarfinsa ya dogara ne a kan ɓoye su. Lambar da duniya duka ta sani ba ta zama mabuɗin sirri. Ƙannenta dai suna aiki. 2,147,483,647 ta Euler ita ce iyakar abin da tsofaffin manhajoji da yawa ke iya ƙirgawa, shi ya sa agogon wasu na'urori zai cika ya tumbatsa ranar 19 ga Janairun 2038. 2^521 − 1 ta Robinson tana cikin ɗaya daga ma'aunan ɓoye saƙo da ake amfani da su a intanet. 2^19,937 − 1, wadda aka gano a 1971, a kanta wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka gina injin fitar da lambobin ƙuri'a a 1997, wanda harshen kwamfuta na Python ke amfani da shi har yanzu. Babu ɗaya cikin waɗanda suka gano su da ya san za a yi wannan da su. Ita kanta farautar takan tona asirin na'ura: manhajar Prime95 ta shirin ce ta bankaɗo wani aibi a na'urorin Skylake na Intel a farkon 2016, kuma masu haɗa kwamfuta sun daɗe suna gasa sabuwar na'ura da ita don su ga ko za ta jure.

Akwai kuɗi ma, ko da yake ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da wutar da ake ƙonawa. GIMPS na ba da dala 3,000 ga wanda ya gano sabuwa. Gidauniyar EFF ta biya dala 100,000 saboda ta 2008, wadda ta fara haura alƙaluma miliyan 10, kuma ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai miliyan 100. Wannan sai lambar sama ta haura miliyan 332.

In kana son ka ji abin a hannunka, gwada 8,191, wato 2^13 − 1, da kalkuletar wayarka. Taki 11 ne. A na uku za ka ga 4,870, a na bakwai lambar za ta faɗo zuwa 36 har ka ɗauka ka yi kuskure, ba ka yi ba. In a na goma ka ga 128, ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da 8,191 ka gani.